Hukuncin Cin Bashi Domin Karatun Aikin Asibiti

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya saukar da cuta, Ya kuma saukar da maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, karatun wannan mako ya shafi wata mas'ala ce da ta shigo gidajen talakawa ba sallama, watau cin bashi domin yaro ya karanta aikin likita ko wani fanni na aikin asibiti, bisa sa ran albashinsa zai biya nan gaba. Wanda ya san Bomo zai fi saurin gane inda aka dosa. Bomo gari ne na manoma a ƙaramar hukumar Sabon Gari, maƙwabcin Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello ta zauna tun 1962. Shekara da shekaru mutanen wannan yanki suna shiga jami'ar a matsayin masu gadi da leburori da masu aikin gonakin gwaji, ko kuwa su kai masara da kayan miya kasuwar Samaru su sayar wa ma'aikatanta. Asibitin koyarwa na jami'ar kuwa, tun da ya tashi daga Tudun Wada ya koma Shika cikin 2005, ga shi nan kusa, kullum ana ganin samari da 'yan mata cikin fararen riguna suna kai da komowa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan uba ya yi burin ganin nasa ɗan a cikin wannan farar riga. Ranar da sunan yaro ya fito, gida ya cika da guɗa, maƙwabta su zo barka, tun daga ranar a soma kiransa Dokta. Bayan kwana biyu sai a kawo takardar kuɗin rajista, daga nan fa barci ya ƙaurace wa maigida.

Da farko ya kamata a sani cewa abin da wannan uba ke nema ba neman duniya ne tsagwaronsa ba. Malamai sun tabbatar da cewa ilmin likita farali ne na kifaya, watau idan wasu suka tsaya da shi ya faɗi a kan saura, idan kuwa aka rasa mai yinsa a gari, to duk jama'ar garin sun yi laifi. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi kuka ƙwarai a cikin Ihya'u da yadda mutanen zamaninsa suka yi cincirindo a kan furu'an fiƙihu da jayayya, alhali ana samun garuruwa da babu likita Musulmi ko ɗaya a cikinsu. Shugabannin jihadi na ƙasar nan ma ba su raina wannan fanni ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da duk nauyin mulki da yaƙi da ke kansa, sai da ya yi wallafe-wallafe a kan magani, har da na ciwon basur. Buƙatar kuwa ta fi tsanani a wajen mata, domin duk mai kishin iyalinsa ya san abin da ke zuciyarsa sa'ad da ya kai matarsa haihuwa ya tarar babu mace ko ɗaya da za ta duba ta. Haka nan karɓar lada a kan aikin magani halal ne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ƙaho wurin Abu Ɗaiba ya biya shi ladansa da abinci, kuma mai Risala ya ambaci halaccin a yi sharaɗi da mai magani cewa za a biya shi idan an warke. Ke nan uban da ya duba albashin da ɗansa zai samu bai yi abin kunya ba. Abin tambaya shi ne ko ya duba da kyau.

Kafin a shiga wannan, akwai kalmomi da ya kyautu a warware su, domin rikita su kan jawo rikita hukunci. Bahaushe yana da aro, yana da rance, yana da bashi. Aro shi ne abin da za a mayar da shi da kansa, kamar garma ko keke, shi ne Larabawa ke kira ariya. Rance shi ne abin da za a cinye a mayar da kwatankwacinsa, kamar kuɗi ko hatsi, shi ne ƙardu, asalin kalmar kuwa yankewa ne, domin mai bayarwa ya yanki wani abu daga dukiyarsa ya miƙa. Bashi ya game duka abin da ke wuyan mutum, ko ta rance ko ta ciniki ko ta sadaki, shi ne dainu. Sa'an nan ga kalmar riba, wadda Hausa ta haɗa abu biyu a cikinta. Ribar ciniki, wadda ake kira ribhu da Larabci, halal ce. Riba wadda Alƙur'ani ya haramta a ƙarshen Suratul Baƙara, ita ce ƙarin da aka sharɗanta a kan rance saboda jinkiri, ita ce mutane ke kira kuɗin ruwa.

Shari'a ba ta hana cin bashi ba. Ayar da ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka, kuma tsara shi ta yi, ba ta hana shi ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ranci ɗan raƙumi ya biya da babba, ya kuma bar duniya sulkensa na jingine wurin wani Bayahude a kan sa'i talatin na sha'ir da ya karɓa domin iyalinsa. Hausawa ma sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma tare da haka babu wani halal da aka yi wa mai yinsa kashedi kamar wannan. Ya zo a cikin Muslim cewa ana gafarta wa shahidi kome da kome ban da bashi. Ya zo a cikin Buhari cewa an kawo wata gawa, Annabi ya tambaya ko akwai bashi a kan mamacin, aka ce dinari uku ne kuma bai bar abin biya ba, sai ya umurci sahabbai su yi masa salla su kaɗai, bai yi ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Dinari uku kacal.

Hadisin da wannan mas'ala ta rataya a kansa shi ne wanda Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira, ma'anarsa ita ce wanda ya karɓi dukiyar mutane yana nufin biya Allah zai biya masa, wanda kuwa ya karɓa yana nufin salwantar da ita Allah zai salwantar da shi. Mutane da yawa sun riƙe rabin farko na hadisin, su ce ai niyyarsu biya ce, shi ke nan. To amma niyya ba furucin baki ba ce. Wanda ya ce ya yi niyyar hajji, bai san kuɗin kujera ba, bai tambaya ba, bai ajiye kome ba, wannan buri yake yi. Haka mai cin bashi: alamar gaskiyar niyyarsa ita ce ya zauna tun kafin ya karɓa, ya san nawa zai ci, yaushe za a soma nema, daga ina kuma zai fitar. Malamai sun karhanta wa mutum ya ranci abin da ya rinjaya a zatonsa ba zai iya biya ba, sai fa idan lalura ta matsa, ko kuwa ya bayyana wa mai bayarwa halinsa ƙarara. Saboda haka auna bashin karatu da albashin da ke bayansa wani yanki ne na niyyar biya, kuma bai saɓa wa tawakkali ba, kamar yadda ɗaure raƙumi bai saɓa masa ba.

Lamunin karatu ba baƙon abu ba ne a Nijeriya. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukumar ba ɗalibai rance cikin 1972, amma da yawa daga waɗanda suka karɓa ba su mayar ba, wai ai kuɗin gwamnati ne, har shirin ya durƙushe, na baya suka rasa. Dattawan Samaru kuwa ba su manta da watan Afrilu na 1978 ba, lokacin da ƙarin kwabo hamsin a kan kuɗin abincin ɗalibi na yini ya tayar da tarzomar da aka yi asarar rayuka a cikinta. A wancan zamani ɗalibin jami'a gwamnatin jiharsa ke ɗaukar yawancin nauyinsa, takardar aiki kuma tana jiransa tun bai gama ba. Wannan zamani ya wuce. Cikin watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokar lamunin ɗalibai, aka sake ta cikin Afrilu na 2024, aka cire sharaɗin kawo masu tsayawa da sharaɗin ƙarancin samun iyaye, sa'an nan asusun da ake kira NELFUND ya soma karɓar masu nema cikin watan Mayu na shekarar. Bisa ga tsarin da aka fito da shi a 2024, rancen na ɗaliban makarantun gwamnati ne, babu ruwa a kansa, ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, wanda ya nema kuma ana ba shi naira 20,000 a wata domin ci da sha. Ba a soma neman biya sai shekara biyu bayan an gama bautar ƙasa, sa'an nan a riƙa cire kashi goma daga cikin ɗari na albashi. Wanda bai sami aiki ba yana da damar ya yi rantsuwa a ɗaga masa, wanda ya mutu kuma dokar ta yi tanadin a yafe.

Rance irin wannan, muddin babu ƙarin da aka sharɗanta a kansa, halal ne a karɓa. Ɗaga wa wanda bai sami aiki ba ya dace da aya ta 280 a Suratul Baƙara, wadda ta yi umurnin a saurara wa mai ƙunci har ya sami sauƙi, yafe wa mamaci kuma yana da asali, domin bayan Allah Ya buɗa wa Musulmi, Annabi ya riƙa biyan bashin wanda ya mutu bai bar kome ba. Sai dai halaccin karɓa bai ɗauke wa kowa lissafi ba.

Ga misali, kuma waɗannan ƙididdiga kwatance ne kawai domin a ga hanyar lissafin, kowa ya sa nasa adadin na gaskiya. A ƙaddara wani yaro ɗan Bomo ya sami karatun likita, wanda shekara shida ne. A ƙaddara kuɗin makaranta naira 100,000 ne a shekara, watau 600,000 ke nan. Idan ya karɓi kuɗin ci da sha na kowane wata har ya gama, wata 72 sau 20,000, ya zama 1,440,000. Jimla 2,040,000. Bayan shekara shidan akwai shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, da guda ta bautar ƙasa, da biyun da doka ta ɗaga masa, ke nan shekara goma daga ranar da aka yi guɗa kafin a soma nema. Idan albashinsa a lokacin 300,000 ne a wata, za a cire 30,000, ya gama cikin wata 68, shekara biyar da wata takwas. Wannan abu ne da mai hankali zai iya ɗauka.

Yanzu a ƙaddara ƙanensa, wanda ya karanta wani fanni na asibiti mai shekara biyar, ya karɓi irin abin da wansa ya karɓa a kowace shekara, watau jimla 1,700,000. Ya fito, bai sami aikin tarayya ba, ya sami na wani ƙaramin asibiti mai biyan 120,000 a wata. Za a cire masa 12,000, kuma ba zai gama ba sai bayan kusan shekara goma sha biyu, a daidai shekarun da zai yi aure, ya kama haya, ya soma biya wa nasa 'ya'yan kuɗin makaranta. Dukansu biyu farar riga suke sawa, dukansu kuma Dokta ake kiransu a ƙauye, amma nauyin ba ɗaya ba ne. A nan ne iyaye suka fi ruɗuwa. Likita daban, mai harhaɗa magunguna daban, nas da ungozoma daban, mai awon jini da mai ɗaukar hoton ƙashi daban, jami'in lafiya na ƙaramar hukuma daban. Matakin albashinsu ya bambanta, haka sauƙin samun aikinsu, kuma abin da asibitin tarayya ke biya ba shi jiha ke biya ba, balle ƙaramar hukuma. Babu wuya a san gaskiyar abin: Shika ba nisa, a je a sami wanda ya gama wannan fanni shekara biyu ko uku da suka wuce, a tambaye shi abin da ke shiga hannunsa a wata, da watannin da ya zauna kafin ya sami aikin. Ba shehin malamin da ya shekara talatin yana aiki ake tambaya ba, domin motarsa ba ta nuna albashin sabon shiga.

A Amurka, inda bashin ɗalibai ya haura dala tiriliyan ɗaya da rabi, inda kuma sabon likita kan fito da bashin kimanin dala 200,000 da ruwa a kansa, masu ba da shawara suna da wani ma'auni mai sauƙi, wai kada jimlar bashin karatu ta wuce albashin shekarar farko ta aiki. Wannan ba hukuncin shari'a ba ne, amma hikima abar mumini ce duk inda ya tsince ta. Idan aka ɗora yaran nan biyu a kan ma'aunin, na farko bashinsa bai kai albashin shekararsa ba, wanda ya kama 3,600,000, na biyu kuwa ya wuce nasa, wanda ya tsaya 1,440,000. Maganin na biyu ba barin karatu ba ne. Tun da gidansu na kusa da jami'a, yana iya karɓar kuɗin makaranta kaɗai ya bar na ci da sha, ya riƙa zuwa daga gida a kan keke, sai bashinsa ya koma 500,000. Ba duk abin da aka miƙo wa mutum ne tilas ya karɓa ba.

Sa'an nan lissafi na gaskiya yana barin wuri domin abin da ba a so. Yajin aikin malaman jami'o'i ya cinye wata tara a 2020, ya sake cinye wata takwas a 2022. Akwai kuma jarrabawar da ake yi a tsakiyar karatun likita, wadda ke fitar da wasu daga fannin bayan sun shekara biyu ko uku a ciki. Karatun ya tafi, bashin yana nan daram. Mafi ƙarancin albashi da aka tsayar cikin Yuli na 2024 naira 70,000 ne, alhali tsadar kaya a ƙarshen wannan shekara ta haura kashi talatin da huɗu daga cikin ɗari, saboda haka adadin albashi kaɗai ba ya faɗin abin da zai saya.

Duk wannan a kan rance marar ruwa ne. Na ruwa kuwa, ko daga banki, ko daga 'yan ba da bashi na unguwa, ko waɗannan da ke aiko da kuɗi ta wayar hannu cikin minti biyar sa'an nan su bi dangin mutum da saƙonnin cin mutunci, wannan haramun ne ga mai bayarwa da mai karɓa, kuma kasancewar karatun farali na kifaya bai halatta shi ba, tun da akwai wasu ƙofofi. Ko ta fuskar lissafi ma halaka ne. Wanda ya karɓi 500,000 a kan ruwa kashi biyar daga cikin ɗari kowane wata, 25,000 zai riƙa biya, kafin yaron ya gama shekara shida ya biya 1,800,000 na ruwa zalla, uwar kuɗin ba ta motsa ba.

Akwai wata riba kuma da ta ɓuya a ƙauyuka har mutane ba sa ganinta, ita ce jinginar gona. Maigida ya karɓi kuɗi, ya miƙa gonarsa, mai kuɗi ya yi ta noma yana kwashe amfani har ranar da aka mayar masa da kuɗinsa cif. A mazhabar Maliku wannan rance ne da ya jawo amfani ga mai bayarwa, kuma bai halatta ba. Hanyar da ta halatta ita ce a ba da hayar gonar da kuɗi sananne zuwa shekaru sanannu, idan wa'adi ya cika gona ta dawo ba tare da an mayar da kome ba. Ko kuwa a sayar da hatsi tun kafin kaka bisa sharuɗɗan salamu, a ambaci iri da awo da lokaci, a karɓi kuɗin nan take, ba tare da an ɗaure shi ga amfanin wata gona ayyananniya ba.

Shi kuwa rance, da irin abin da aka karɓa ake biyansa. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait cikin 1988, ta tsayar da cewa bashin da aka ci da wani kuɗi da adadinsa ake biya, ba da darajarsa ba. Wanda ya ranci naira, faɗuwar naira sassauci ce gare shi, kuma kyautatawa ce idan ya ƙara wa mai shi wani abu ranar biya, muddin ba a sharɗanta ba tun farko. Amma wanda ya ranci buhun masara, masara zai mayar ko da farashinta ya ninka. Wanda kuma ya ranci dala domin ya tura ɗansa karatun likita waje, dala zai mayar. Dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 cikin Mayu na 2023 ta haura 1,500 cikin 2024, iyayen da suka yi lissafi da tsohon farashi suka wayi gari bashinsu ya ninka uku. Wasu kuma 'ya'yansu na Hartum yaƙi ya ɓarke cikin Afrilu na 2023, aka kwaso su ba takardar shaida.

Wata tambaya da ba a son yi a cikin gida, amma shari'a ta yi ta, ita ce: bashin nan a wuyan wa yake? Idan yaro ne ya karɓa da sunansa, kamar na asusun gwamnati, nasa ne. Idan kuwa uba ne ya je wurin wani attajiri ya karɓa, to nasa ne shi, ko da an kashe a kan yaron, kuma ranar da ya mutu daga dukiyarsa za a fitar kafin wasiyya da gado, kamar yadda ayoyin gado na Suratun Nisa'i suka nuna. Ma'anar wannan ita ce sauran 'ya'ya, har da mata da ƙanana waɗanda ba su taɓa shiga aji ba, su ne suka biya wa ɗan'uwansu karatu daga rabonsu. A mazhabar Maliku ciyar da ɗa namiji wajibi ne a kan uba har ya balaga yana mai iya nema, abin da ya biyo baya kyautatawa ce, kuma hadisin Nu'umanu ɗan Bashiru ya yi umurni da adalci tsakanin 'ya'ya wajen kyauta. Gidaje nawa ne zumuncinsu ya watse a gaban alƙali saboda gonar da aka sayar domin ɗa guda? Maganin abin yana cikin ayar bashi: a rubuta, a kafa shaidu. Uba ya tara manyan 'ya'yansa da shaidu biyu, a faɗa a rubuta ko abin da aka kashe kyauta ne ko rance ne a kan yaron, in rance ne yaushe zai soma biya. Jin nauyin rubutu tsakanin uba da ɗa kunya ce wadda shari'a ba ta yaba ba.

'Ya mace tana da nata ƙarin bayani. Idan ta karɓi rance ta karanta aikin jinya ko ungozoma, bashin yana wuyanta, aure ba ya mayar da shi wuyan mijinta, kamar yadda albashinta ma nata ne. Idan aka ɗaura aure ba a yi maganar ba, daga baya miji ya ce ba za ta yi aiki ba, an bar ta da bashi babu hanyar biya, an kuma hana matan gari wadda za ta duba su. Wajibin waliyyi ne ya bayyana wa mai nema tun kafin a sa rana, a yi yarjejeniya a gaban shaidu, ko ta yi aiki, ko shi ya ɗauki biya.

Dalilin da ya sa aka tsananta a kan ma'aikacin asibiti fiye da waninsa yana cikin hadisin Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita. An tambayi Annabi me ya sa yake yawan neman tsari daga bashi, sai ya bayyana cewa mutum idan bashi ya kama shi yakan yi magana ya yi ƙarya, ya yi alkawari ya saɓa. Ɗan kasuwa idan bashi ya sa shi ƙarya, dukiya ce za ta salwanta. Ma'aikacin asibiti kuwa ƙaryarsa a kan jikin mutane take sauka: shi ne zai karkatar da marar lafiya daga asibitin gwamnati zuwa nasa na kuɗi, ya rubuta awon da ba a buƙata, ya sayar da maganin da aka kawo kyauta, ya bar ɗakin da aka ba shi tsaro da dare ya tafi wani aikin a cikin gari. Ba duk mai yin haka ne bashi ya sa shi ba, wasu kwaɗayi ne kawai, amma uban da ya ɗora wa ɗansa abin da albashin halal ba zai iya ɗauka ba ya tura shi bakin wannan rami da hannunsa.

Wasu kuma hanyar da suke gani ita ce barin ƙasa. Ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya faɗa cikin 2024 cewa likitoci wajen 16,000 sun fita cikin 'yan shekarun da suka gabata, zuwa Ingila da Amurka da Saudiyya da sauransu. Tafiya neman halal ba haramun ba ce, kuma wanda ya ga yanayin da suke aiki a ciki ba zai yi saurin zarginsu ba. Amma ƙetare teku ba ya sauke bashi. Wanda ya tafi, hannun hukuma bai kai ga albashinsa ba, to biya ya koma amana tsakaninsa da Ubangijinsa, jinkirin mawadaci kuwa zalunci ne bisa nassin hadisi. Kuɗin asusun nan dukiyar jama'a ce, kuma abin da aka mayar shi ne za a ba na baya. Abin da ya faru da shirin 1972 ya isa shaida. Haka wanda gwamnatin jiharsa ta ɗauki nauyinsa bisa sharaɗin zai yi mata aiki na wasu shekaru, ayar farko ta Suratul Ma'ida ta wajabta masa cikawa, ko ya biya abin da yarjejeniyar ta yanka. Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski.

Saura magana ga mawadata, na Sabon Gari da na Birni da na Samaru. Tun da farali na kifaya a kan jama'a yake, bai kamata a bar wa manomi guda nauyinsa ba. Musulmin farko da waƙafi suka raya wannan ilmi. Babban asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira cikin 1284 da dukiyar waƙafi ake tafiyar da shi, ana jinya kyauta, ana kuma koyar da ɗalibai a ciki. Ba da rance marar ruwa ga ɗalibi aikin lada ne, kuma aya ta 60 a Suratut Tauba ta sa masu bashi cikin kashi takwas na masu cin zakka, muddin ba a cikin saɓo suka ci shi ba kuma ba su da abin biya. Saboda haka ya halatta a ba ɗalibi fakiri zakka, ya kuma halatta a ba wanda ya gama karatu bashi ya danne shi domin ya sauke. Sai dai a kula da abu guda da attajirai kan yi kuskure a kansa: wanda yake bin ɗalibi ko ubansa bashi, ya ga ba za su iya biya ba, ba ya halatta ya yafe musu sa'an nan ya lissafa abin a cikin zakkarsa ta bana. Malaman Malikiyya sun ce wannan bai isar ba, domin dukiyarsa ce da ta riga ta maƙale yake neman tsirarwa. Yafewar sadaka ce mai lada, zakkar kuwa tana nan a wuyansa sai ya fitar da ita daban.

Allah ne Mafi sani.